Ku Durƙusa Ku Dubi 'Yan Zillon Ciyawa

'Ya'yana, a cikinku babu wanda bai san malam-buɗe-littafi ba. Kun san babban nan mai ruwan goro wanda ba ya rabuwa da tumfafiya, kun san baƙin nan mai ɗigon rawaya da ke zagayen bishiyar lemo, kun kuma san fararen da ke cincirindo a bakin rijiya inda ruwa ya jiƙa ƙasa. Waɗannan ba sa bukatar mai yi musu talla, ko jariri ya gan su sai ya miƙa hannu. Maganata yau a kan ƙannensu ce, 'yan mitsi-mitsin nan masu ruwan ƙasa da ke tashi fit daga ciyawa in kun bi hanyar gona, kafin ku waiga sun ɓace. Da yawanku kun ɗauka faɗa-wuta ne ya yi ɓatan kai da rana, wasu ma babban ƙuda suke zato. To, su ma malam-buɗe-littafi ne, dangi ne guda mai zaman kansa. Masana suna kiran dangin Hesperiidae, sunan da wani Bafaranshe, Pierre André Latreille, ya raɗa masa a 1809, kuma an ƙidaya fiye da nau'i 3,500 a duniya. Ni dai 'yan zillo nake ce musu.

Dalilin da ya sa nake so ku san su ba boyayye ba ne. Zamaninku zamanin saurin ido ne da saurin baki, abu ya gifta a gaban mutum sau ɗaya, ya riga ya ba shi suna ya yanke masa hukunci. Ɗan zillo ba ya yarda da wannan. Ƙarami ne, mai sauri ne, kuma ya yi kama da 'yan'uwansa ƙwarai da gaske. Wanda ya zauna ya koyi rarrabe biyu daga cikinsu, idonsa zai koyi tsayawa, harshensa kuma zai koyi jira sai ido ya gama aikinsa. Kuma kada wani ya ce ƙwaro bai kai a ɓata masa lokaci ba. Ai kun san akwai surori a Alƙur'ani da aka ambace su da sunan tururuwa da ƙudan zuma da gizo-gizo.

Matakin farko shi ne ku tabbata ɗan zillo ne a gabanku. Tashinsa ma ya isa shaida. Sauran malam-buɗe-littafi lilo suke yi a iska, su yi sama su yi ƙasa cikin yanga, ido yana iya bin su har su haye katanga. Shi kuwa fizga yake yi. Yana nan, sai ku gan shi can, ba ku ga lokacin da ya ratsa tsakani ba. Abin da ke ba shi wannan ƙarfi yana jikinsa: ƙirjinsa kakkaura ne cike da tsoka, fikafikansa kuwa gajeru ne masu tsini idan aka gwada da nauyin jikin. Yawancin waɗanda za ku gani a ciyawa faɗinsu, daga bakin wannan fiffike zuwa wancan, bai wuce santimita 3 zuwa 4 ba. Kansa faffaɗa ne, idanunsa manya, jikinsa da gashi-gashi, shi ya sa ake rikita shi da faɗa-wuta. Masanan da ma sun daɗe suna ware shi gefe guda, suna ganin tsaka-tsaki ne tsakanin ɓangarorin biyu, sai binciken ƙwayoyin halitta na shekarun baya-bayan nan ya mayar da shi cikin malam-buɗe-littafi sosai.

Shaidar da ta fi kowace ƙarfi tana kan ƙahonnin nan biyu sirara da ke goshinsa. Na faɗa-wuta galibi zare ne miƙaƙƙe ko kuma mai gashi a gefe da gefe. Na sauran malam-buɗe-littafi suna ƙarewa da ɗan dunƙule, kuma gindinsu kusa da juna yake. Na ɗan zillo sun fito nesa da juna, kowane kusa da ido guda, kuma bayan ɗan kumburin ƙarshen akwai wata 'yar ƙugiya da ta lanƙwasa baya. A wasu doguwa ce har ana ganinta daga tsaye, a wasu kuwa gajeriya ce sai an matsa. In kun ga ƙugiyar nan, magana ta ƙare.

Sai zama. Ku lura da wannan da kyau, domin babu wani ƙwaro a gonakinmu da ke yin irinsa. Waɗanda tsutsarsu ke cin ciyawa a cikinsu, in suna shan hantsi, sukan shimfiɗa fikafikan baya biyu a kwance, su ɗaga na gaba biyu a karkace, rabi buɗe rabi rufe, sai ka ga fiffike huɗu kowane biyu da inda suka dosa. In rana ta yi zafi ko suna shan fure, sai su haɗe su duka a sama su tsuke. Wani reshen dangin kuma shimfiɗa duka huɗun yake yi. Wannan bambancin zama kaɗai ya raba muku dangin kashi biyu tun ba ku fara ƙirga ɗigo ba.

Amma duk wannan sai an kusance shi, kuma a nan ne yara ke faɗuwa. Lokacin da ya fi kyau shi ne daga tsakiyar damina zuwa kaka, Agusta zuwa Oktoba, sa'ad da ciyawa ta ƙosa. Da rani kuwa sai a fadama da lambu da bakin rafi. Ku fita da safe, raɓa ta fara bushewa rana ba ta yi ƙarfi ba, domin a lokacin jikinsa bai gama ɗumi ba, yakan daɗe a zaune. Ku nemi inda furanni ƙanana suke kusa da ciyawa, gefen gonar wake, gindin ɗoɗɗoya, inda duman kada ya yaɗu. Kada inuwarku ta faɗa masa, da ta taɓa shi ya tashi. Kada ku nuna shi da yatsa, kada ku kira abokinku da ƙarfi. Ku rage tsawo tun daga nesa, ku matsa a durƙushe, kaɗan-kaɗan, hannu a jiki.

In ya tashi, kada ku bi shi. Wannan ita ce dabarar da ta fi kowace amfani. Namijin ɗan zillo yakan zaɓi ganye guda ko kan wani kara ya mai da shi wurin tsaronsa, yana jiran mace ta gifta. Duk abin da ya wuce sai ya kai masa hari, ko namiji ɗan'uwansa, ko ƙudan zuma, ko wanda ya ninka shi girma, su yi sama suna juyi, sannan ya dawo. Sau da yawa kan ganyen nan dai zai sauka, ko na kusa da shi. Saboda haka ku tsaya inda kuke, ku kafa ido a kan ganyen, shi zai kawo kansa.

Bari in tsaya in ja kunnenku a kan abu biyu, tunda ni na tura ku cikin ciyawa. Ku sa takalmi rufaffe, ku duba inda za ku sa gwiwa kafin ku sa ta, domin kububuwa ma tana son hantsi kuma ba ta gudu. Sannan gonar mutane ba a faɗa mata haka kawai. Ku yi sallama, ku ce, "Baba, sannu da aiki, ƙwari muke dubawa a gefen gamba, ba za mu taka shuka ba." Zai yi muku dariya, ba komai. Mai yiwuwa kafin ku tafi ya nuna muku inda suka fi yawa, don ya fi ku sanin gonarsa.

Yanzu ga waɗanda za ku haɗu da su. Sunan da masana ke ba kowane ƙwaro kashi biyu ne, na farko sunan gidansu, na biyu nasa na kansa. Ku riƙe na gidan tukuna.

Mafi sauƙi su ne 'yan gidan Spialia. Ƙanana ne sosai, baƙi-baƙi da fararen ɗigo birjik, gefen fiffikensu da ratsin fari da baƙi, suna tashi dab da ƙasa su sauka a kan hanya fikafikai a buɗe. Tsutsarsu ba ciyawa take ci ba, ganyen tsirrai dangin rama da kuɓewa take ci. Gane gidan ba wuya, amma rarrabe Spialia spio da Spialia diomus da sauran 'yan gidan sai an ga ƙasan fiffiken baya, a duba farin ratsin da ya ratsa tsakiyarsa, a haɗe yake ko a tsinke, miƙe yake ko ya lanƙwasa. Kusa da su akwai Gomalia elma, mai launin toka da kore-kore a cakuɗe da farin ratsi a fiffiken baya, wanda in zai kwana yakan lanƙwasa cikinsa sama. Can wajen kurmi da inda bishiyoyi suka yi duhu akwai Tagiades flesus, wanda tsutsarsa ke cin ganyen doya da danginta. Yana tashi za ku ga walƙiyar fari, sai ya ɓace, ashe ya manne a ƙarƙashin ganye a shimfiɗe. Wasu 'yan gidan Sarangesa a kudancin Afirka har ramin dabgi da na gadu suke shiga su fake wa zafin rana.

Akwai kuma babban yayansu, Coeliades forestan, wanda faɗinsa ke kai santimita 5 ko fiye. Da fikafikai a rufe yake zama, kuma a ƙasan na baya akwai faffaɗan farin ratsi da ba ya ɓuya. Ɗan gidansu Coeliades pisistratus yana da ratsin shi ma, amma da baƙaƙen ɗigo a gefensa. Tsutsar forestan tana cin ganyaye iri-iri, har da na dangin geza da taramniya, kuma ado gare ta, jiki zobe-zobe, kai mai haske da baƙaƙen ɗigo. Masu dabino da kwakwa kuma, in da almuru kuka ji wani abu yana zagaya bishiya da ƙugi, ku duba, yana iya zama ɗan gidan Zophopetes, waɗanda tsutsarsu ke cin ganyen dabino da danginsa, kuma ba sa fita sai rana ta faɗi.

Waɗannan duk share fage ne. Jarrabawar tana wurin masu ruwan ƙasan nan na cikin ciyawa, gidajen Pelopidas da Borbo da Gegenes. Dukansu ruwan ƙasa ne, yawancinsu da 'yan ɗigo masu haske a fiffiken gaba, dukansu zama iri ɗaya suke yi. A nan sai haƙuri, kuma ga inda za ku sa ido. Ku fara da fiffiken gaba ta sama. Mazan Pelopidas suna da wani siririn tabo a karkace a tsakiyar fiffiken, wanda wurin wasu ɓawo ne na musamman masu fitar da ƙanshin da ke jawo mace. A Pelopidas thrax tabon fari-fari ne, a Pelopidas mathias ya fi duhu da siranta. Mazan Borbo ba su da wannan tabo. Su kuwa Gegenes ƙahonninsu gajeru ne, ƙugiyar da ƙyar ake ganinta, namijin Gegenes pumilio kusan ba shi da ɗigo ko ɗaya a sama, kuma ya fi son zama a kan dutse ko busasshiyar ƙasa a tsakiyar rana, lokacin da kowa ke neman inuwa. Daga nan sai ku jira ya rufe fikafikai ku dubi ƙasan na baya: ɗigo nawa ne, a jere suke ko a baka, akwai guda a tsakiya shi kaɗai ko babu, launin ƙasan toka-toka ne ko ya yi rawaya-rawaya.

Matan kuwa ba su da tabo a kowane gida, saboda haka sun fi wuya. Ga kuma tsufa. Launi da ɗigon fiffike duk wani gari ne na ƙananan ɓawo a jere, wanda ke kakkaɓewa da kwanaki. Ɗan zillon da ya kwana biyu a duniya, ya sha faɗa ya sha ruwan sama, zai koɗe har ɗigonsa su shafe. Wannan garin ne ke manne muku a yatsa in kun kama shi, shi ya sa ba na so ku kama da hannu. In dole ne, ku kifa masa kwalba mai haske, ku duba a inuwa, ku sake shi nan take.

Hausawa sun ce kama da wane ba wane ba ne, kuma ban san inda maganar ta fi zama daidai ba irin abin da ya faru a Ingila. Ƙasar ba ta da malam-buɗe-littafi da yawa, nau'in da ke zaune a Birtaniya duka kusan 60 ne, ga kuma masu sha'awar tara su tun ƙarnoni, kowa da ragarsa da akwatinsa. A cikin ciyayinsu akwai wani ɗan zillo mai ruwan goro, Thymelicus sylvestris, wanda aka yi wa suna tun 1761. Kowa ya san shi, kowa yana da shi a akwati. Sai a 1889 aka farga cewa a cikin waɗanda ake kamawa a yankin Essex akwai wani nau'i dabam, Thymelicus lineola, wanda mutanen Turai na tsallaken teku suka sani tun 1808, amma a Ingila ana ta jera shi da sunan ɗan'uwansa. Ina bambancin? A ƙarƙashin kan ƙaho. Na sylvestris ruwan goro ne mai duhu, na lineola baƙi ƙirin. Ba a ganinsa daga sama, sai mutum ya kwanta ya fuskanci ƙwaron ido da ido. Tabon namijin ma ya bambanta: na farko dogo ne ya ɗan lanƙwasa, na biyu gajere ne miƙaƙƙe.

Kada ku ce ɗigon baƙi a kan ƙaho wane abu ne. A bayansa akwai rayuwa biyu mabambanta. Tsutsar sylvestris tana ƙyanƙyashewa kafin sanyi, ta saƙa wa kanta ɗan kumbo a cikin kuben ciyawa ta yi hunturu a ciki. Shi kuwa lineola a cikin ƙwai yake hunturu, ƙwai mai jure wahala. Wannan ya sa ƙwansa ke iya tafiya a cikin busasshiyar ciyawar dabbobi da irin ciyawa. A 1910 aka fara ganinsa a Kanada, kusa da wani gari mai suna London a lardin Ontario, kuma daga nan ya bazu a Kanada da arewacin Amurka har ya zama abin damuwa ga masu noman ciyawar kiwo. Da an ci gaba da ɗaukarsu abu guda, da ba a gane dalilin da ɗaya ya ƙetare teku ya yi ƙarfi ɗayan bai yi ba.

Wani lokacin ma ido ba ya isa, komai kaifinsa. Birgediya William Harry Evans, wani hafsan sojan Birtaniya da ya yi aiki a Indiya, ya ƙarar da shekarun ritayarsa a gidan tarihi na London a kan wannan dangi, kuma a 1937 ya fitar da kundin 'yan zillon Afirka. Da yawa daga cikinsu bai iya raba su ba sai da ya dubi gaɓoɓin haihuwar mazan ta gilashin ƙara girma. A Kosta Rika kuma akwai wani mai shuɗin jiki, Astraptes fulgerator, wanda tun 1775 ake ɗaukarsa nau'i guda. Daniel Janzen da Winnie Hallwachs suka yi shekaru suna kiwon tsutsotsinsa, suka ga launinsu ya bambanta, abincinsu ma ya bambanta, amma in sun fashe manyan kusan iri ɗaya ne. A 2004, tare da Paul Hebert da wasu abokan aiki, suka auna ƙwayoyin halittarsu suka ce nau'i goma ne ke ɓoye a ƙarƙashin suna guda. Wasu masanan sun yi musu a kan adadin, amma ba a kan cewa ya wuce ɗaya ba.

To, in manyan masana da kayan aiki haka ta kasance da su, ku ina gaggawarku? Ku tsaya inda idonku ya tsaya. In abin da kuka gani ya kai ku ga dangi kawai, ku ce ɗan zillo ne. In ya kai ku ga gida, ku ce Pelopidas ne, ku yi shiru. Ba gazawa ba ce. Wanda ya ce "Borbo ne ko Pelopidas, ban ga samansa ba" ya fi mini wanda ya zabga cikakken suna don a ce ya sani, saboda na farkon ana iya gini a kan maganarsa. Na san akwai manhajoji a wayoyinku, irin su iNaturalist, da za a ɗora hoto su kawo suna. Ku yi amfani da su, suna da kyau, musamman da yake mutanen da suka san abin sukan duba su gyara. Amma sunan da na'ura ta fara kawowa zato ne, kuma a kan masu ruwan ƙasan nan zatonta yakan kauce. Ku taimake ta da hoto uku: ɗaya daga sama fikafikai a buɗe, ɗaya daga gefe a rufe, ɗaya ta fuska don ƙaho. Hoto guda mai kyau na sama kaɗai sau da yawa ba ya raba gardama.

Kada kuma kallon ɗigo ya hana ku kallon hali, don a nan daɗin yake. Wata rana za ku ga ɗan zillo ya sauka a kan busasshen kashin tsuntsu a bisa ganye. Ku matsa ku gani. Zai lanƙwasa cikinsa ya ɗiga ruwa daga jikinsa a kan kashin, ya jira ya jiƙa, sannan ya warware dogon bakinsa ya mai da shi baya ta tsakanin ƙafafu ya tsotse. Gishiri da sinadaran da babu su a ruwan fure yake nema. Dalilin ke nan da yakan sauka a hannun mai gumi.

Tsutsar ma ku neme ta. A gonar shinkafa ko dawa, ko a jikin gamba, ku duba ganyen da aka naɗe shi a tsaye ya zama bututu. Ku buɗe a hankali. Za ku ga bakin ganyen biyu an haɗa su da farin zare, ɗinki nan, a tsallake, ɗinki can, kamar yadda ake ɗinke bakin buhu. A ciki akwai koriyar tsutsa sumul, ba gashi, da babban kai da siririn wuya. Wuyan nan shi ne alamar dangin. Da rana tana ciki, da dare take fitowa ta ci gefen ganyen. Abin mamaki, ɗakin tsaf yake, babu kashi. Da yawa daga cikin tsutsotsin dangin harba kashinsu suke yi nesa, da wani ɗan mataji da ke bayansu da kuma matsin jinin jiki. Wata masaniya a Jami'ar Georgetown ta Amurka, Martha Weiss, ta auna wannan a wani nau'in can, ta ga harbin yana kai kusan ninki 40 na tsawon tsutsar. A binciken da ta wallafa a 2003 ta nuna cewa rina tana bin warin kashin ne ta gano maɓoyar, saboda haka tsabtar nan kariya ce daga maƙiyi.

'Ya'yan manoma za su ce, to ai ɓarna ce, tunda shinkafa da dawa take ci. Gaskiya ne Pelopidas na cin ganyensu, kuma a Asiya akwai ɗan zillon shinkafa, Parnara guttata, da manoma ke kuka da shi. Amma a gonakinmu ɓarnarsu kaɗan ce, ganye nan ganye can, shuka tana mayarwa. Kada ku haɗa su da tsutsar nan mai cinye zuciyar masara, wadda ta fito daga nahiyar Amurka aka fara ganinta a Afirka ta Yamma a 2016. Waccan 'yar faɗa-wuta ce, a cikin kan masara take zama, kuma kashinta tuli yake a wurin. Wanda ya iya raba su ba zai sayi maganin feshi don naɗaɗɗen ganye biyu ba.

Abin da ke kashe 'yan zillo shi ne rashin ciyawa. Ƙwansu da tsutsarsu da kwanciyar da suke yi kafin su fashe duk a jikin ganye suke, saboda haka wutar daji guda ko feshin maganin ciyawa har bakin hanya yana share zuri'ar wuri gaba ɗaya. Ingila ta ga irin wannan. Wani ɗan zillonsu mai ɗigon rawaya, Carterocephalus palaemon, ya ƙare a ƙasar a 1976 bayan an sauya yadda ake kula da dazuzzuka, filayen ciyawar da ke tsakanin itatuwa suka rufe. Sai a 2018 aka ɗebo wasu daga Beljiyam aka saki a dajin Rockingham, bayan an sha aikin gyara musu wuri. Mu kakanninmu sun bar mana gamba a iyakar gona, tana raba rikici, tana tare zaizaya, a yanka a yi zana. In an ba ku feshi, ku tsallake wannan layin, ku kuma roƙi Baba a bar wani gefe ba a ƙone ba.

Sannan ku rubuta. Wani ɗan Denmark, Torben Larsen, ya fitar da littafi mai juzu'i biyu a 2005 a kan malam-buɗe-littafin Afirka ta Yamma, nau'i kusan 1,500, kuma har yau shi ne madogara. Yawancin nau'o'in a kurmin kudu suke, can ne kuma masu bincike suka fi zuwa, saboda haka abin da yaro mai lura ya rubuta daga Katsina ko Maraɗi ko Azare yana da daraja, muddin gaskiya ya rubuta. Ku sami ƙaramin littafi, kowane gani layi biyu ko uku: kwanan wata, wuri, lokaci, abin da ya sauka a kai, abin da kuka gani da abin da ya ɓuya muku. Misali: "Bakin fadama, da hantsi, a kan furen wake. Ruwan ƙasa, ƙugiyar ƙaho a fili. Namiji, akwai tabo a fiffiken gaba, mai duhu. Ƙasan fiffike bai nuna ba. Pelopidas, wataƙila mathias." In gobe ya dawo kan furen ya rufe fikafikai kuka ga ƙasan, sai ku ƙara layi a ƙarƙashi, kada ku goge na jiya.